Masara a cikin gwangwani: yadda na rabu da tiramol

Ni tela ne. Shagona yana cikin birnin Katsina, ba nisa da Ƙofar Ƙaura, kuma na fi shekara ashirin ƙafata tana kan keke. Asalinmu mutanen ƙasar Malumfashi ne. Kakana Bamaguje ne, mahaifina shi ya fara karɓar baftisma a gidanmu, ni kuwa a cikin ikilisiya na buɗe ido. Na faɗi haka ne don a san cewa abin da ya same ni ba rashin sanin Allah ya jawo shi ba. Ina cikin ƙungiyar mawaƙa, ina fitar da zakkata, kuma shekara biyu cur ina haɗiyar tiramol kowace safiya, har da ranar Lahadi kafin in saka rigar waƙa.

Duk wanda ya san sana'armu ya san abin da watan azumi yake nufi ga tela. Kusan duk masu kawo mani ɗinki Musulmi ne, kuma abincin shekara a kwana talatin ɗin nan ake samun rabinsa. Shadda da yadi su taru har su kusa taɓa rufin shago, kowa da sunansa da awonsa a ɗan ƙyallen takarda an soke da allura. Kowa ya zo maganarsa ɗaya: "Malam, don Allah kar ka sa in ji kunya ranar Idi." Ni kuma ban iya cewa a'a ba. A azumin 2016, wajen ƙarfe biyun dare, bayana ya ƙage, idanuna suna ganin allura biyu, sai wani abokin sana'a ya miƙo mani ƙwaya guda ya ce maganin gajiya ne. A daren na gama kaftani biyar, gari ya waye ban ji komai ba.

Sallah ta wuce, ƙwayar ba ta wuce ba. Daga ɗaya na koma biyu, daga biyu na daina ƙirgawa. Wadda hukuma ta yarda da ita, mai lamba 50 da mai 100, likita ne ke rubuta ta don ciwo mai tsanani. Mu kuwa mai 200 da mai 225 muke saye, waɗanda ake shigowa da su ta ɓarauniyar hanya, a wurin wani mai kemis da ba ya tambayar kowa takarda. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, gari ya ɗauki maganar shaye-shaye, har fastonmu ya yi wa'azi a kai. Ina zaune a layin mawaƙa ina gyaɗa kai. A raina waɗancan su ne 'yan ƙwaya. Ni ai magidanci ne mai neman abin da zai ciyar da iyalinsa.

Saura kwana uku Sallah a wannan shekarar na faɗo daga kan keke. Ban san lokacin ba. Yaran shagona ne suka ba ni labari daga baya, cewa jikina ya yi ta jijjiga, na ciji harshena, jini ya ɓata farar shaddar wani bawan Allah. Alhajin da ke sayar da zare a shagon da ke kusa da nawa, da azumi a bakinsa, cikin ranar nan ta watan Yuni, shi ya tsayar da Keke Napep ya rungume ni har asibiti. Da na farfaɗo likita ya sa matata ta ɗan fita, ya ja kujera ya zauna kusa da kaina, ya ce, "Guda nawa kake sha a rana?" Bai tambaye ni ko ina sha ba. Ya gaya mani cewa yawan tiramol yana kawo irin wannan farfaɗiyar, kuma ta gaba tana iya samuna a kan babur ko a bakin titi. Ya kuma ja mani kunne cewa kada in yanke shan ta lokaci guda, jiki ya riga ya saba, sai dai a riƙa ragewa a hankali a ƙarƙashin kulawarsa.

Rabin maganarsa na ɗauka. Na yarda zan bari, amma ragewa a hankali sai na ga kamar ƙarancin bangaskiya ne. Allahn da ya raba Bahar Maliya zai kasa raba ni da ƙwaya a dare ɗaya? Na koma gida na zuba sauran a masai, na ɗauki azumin kwana uku, na durƙusa na yi alkawari da hawaye. Da gaske nake yi, har yau ina faɗa, ba wasa a cikin addu'ar nan.

Ranar farko hamma ce da zubar hanci. Rana ta biyu jikina ya zama ba nawa ba. Zufa tana keto mani alhali haƙorana suna kaɗawa don sanyi, cikina ya ɓaci, ƙafafuna kuwa kamar an zuba tururuwa a cikin ƙashi, ba dama in ajiye su wuri ɗaya. Barci ya ƙaurace. Na yi ta zagaya tsakar gida har asuba, ina jin kiran salla daga masallatan unguwa ɗaya bayan ɗaya. A rana ta huɗu, tun kemis bai gama buɗe ƙofa ba, ina tsaye a wurin.

Wannan komawar ta fi faɗuwar shago yi mani ciwo. A shago jikina ne ya faɗi, nan kuwa na ga kamar na gwada Allah ne ya juya mani baya. Akwai wurin da manzo Bulus yake cewa a Romawa sura 7, nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake aikatawa. Na sha karanta wurin, amma sai a kwanakin nan na san mutum ne mai jini a jika ya rubuta shi. Na daina zuwa koyon waƙa. Lahadi biyu na ce ba ni da lafiya.

A Lahadi ta uku da yamma Baba ya yi sallama a ƙofar gidana.

Baba ɗaya ne daga cikin dattawan ikilisiyarmu, ya haura saba'in da biyar a lokacin. Tun yana yaro aka kai shi Babbar Ruga, asibitin kutare da ke bayan gari ta hanyar Batsari, wanda 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka riƙe tun shekarun 1930. A can ya warke, a can ya koyi karatu, a can ya karɓi Almasihu. Cutar ta tafi da yatsunsa kusan duka, sai dungulmi. Idan zai sha ruwa, tafin hannu biyu yake sa wa kofi. Idan zai buɗe Littafi Mai Tsarki, nasa tsoho ne, fassarar 1932, bangonsa an ɗinke da fata, sai ya lashi gefen hannunsa ya tura shafin a hankali har ya juya. Ban taɓa ganin ya nemi wani ya buɗe mashi ba.

Matata ta shimfiɗa mashi tabarma ta koma ɗaki. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi yara, sannan ya ce, "Ɗana, muryarka ta ɓace a coci. Me ya cinye ta?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na gaya mashi komai, tun daga ƙwayar farko har azumin kwana ukun da ya watse. Na ƙare da cewa, "Baba, na roƙi Allah ya cire mani, bai cire ba. Ni dai ba ni da ƙarfin zuciya."

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ɗaga hannayensa ya ce in duba. Ya ce shi ma yana yaro ya roƙi Allah ya wayi gari ya ga fatarsa ta koma kamar ta Na'aman, kuturun da Allah ya warkar a Littafi Mai Tsarki. Abin da aka ba shi ƙwayar magani ce 'yar ƙarama, ya bi layi ya karɓa ya haɗiye, a haka shekara da shekaru, don a zamanin maganin kuturta ba na watanni ba ne kamar yanzu. Ya ce da yawa sun gaji sun gudu gida da suka ga tabon ya dushe, cutar ta dawo masu. "Ni ba ƙarfin zuciya na fi su ba. Kullum dai in na tashi, na yau kaɗai nake roƙo."

Ya sa na buɗe Fitowa sura 16 na karanta mashi da ƙarfi labarin manna, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji. Kowa ya tara abin da zai ishe shi na yini. Waɗanda suka ɓoye don gobe, da safe suka tarar ta yi tsutsa tana wari. Ya ce, "Kai ka je wurin Allah da buhu, kana so ya auna maka ƙarfin shekara talatin ka kai rumbu ka kulle, don kada ka sake bukatarsa. Shi kuwa da mudu yake bayarwa. Addu'ar da Ubangiji ya koya mana, abincin yaushe ta ce a ba mu?" Na ce na yau. Ya ce, "To."

Maganar likita kuwa, cewa ya yi in koma gobe-goben nan. Wanda ya ba likita sani shi ne wanda nake roƙo, kuma ƙin bin maganarsa girman kai ne na saka wa rigar bangaskiya. Wannan kalmar ta yi mani zafi, amma gaskiya ce.

Ga yadda muka tsara abin, kuma na rubuta shi dalla-dalla saboda wani zai iya amfana. Likita ya rubuta yadda za a riƙa ragewa mako-mako, maganin kuma a hannun matata yake, ni ban san ma inda take ajiye shi ba. Sai da na zauna na gaya mata gaskiya da bakina kafin haka ta yiwu, kuma a duk tafiyar nan ba abin da ya kai wannan zaman nauyi. Ta yi kuka, ba don ƙwayar ba, don shekara biyun da na bar ta tana zargin kanta a kan fushina da shiruna. Kuɗin shago, yaron da na fi yarda da shi yake kai mata kowace yamma, aljihuna ba ya wuce kuɗin mai. Na canza hanyar zuwa aiki, ina zagayawa ta nesa don kada in bi ta gaban kemis ɗin. Ƙarfe biyar da rabi na asuba ina wurin addu'ar safe a coci, mu bakwai ne ko takwas, yawanci tsofaffin mata 'yan zumunta. Addu'ata ba ta da tsawo: Ubangiji, ka riƙe ni daga yanzu zuwa dare. Da dare kuma, kafin in shiga gida, sai in biya ta wurin Baba.

Yana da wani gwangwanin madara da ya wanke, da ƙullin masara a gefe. In na zo zai ce, "Yaya yau?" In na ce Allah ya riƙe ni, sai ya tura mani ƙullin da hannunsa, in ɗauki ƙwaya ɗaya in jefa. Ƙarar faɗuwarta a gindin gwangwanin, kwal, har yanzu tana kunnena. A makon farko abin ya yi mani kamar wasan yara. Da aka yi kwana ashirin, ƙarar ta canza, masara tana faɗawa kan masara, sai na ga ina ɗokin dare ya yi.

Ragewar ba ta hana wahala ba, ta dai sa ta zama wadda mutum zai iya ɗauka. Abin da ban yi tsammani ba shi ne abin da ya biyo bayan ciwon jiki. Duniya ta yi mani fari fat. Abinci ba daɗi, waƙa ba daɗi, ɗiyata ƙarama ta hau cinyata ina kallonta kamar ta maƙwabta. Aikin da nake yi a awa ɗaya ya koma awa uku. Sha'awar kuma ba ta sallama. Takan zo ne wajen la'asar, in bayana ya fara ciwo, ta taso kamar guguwa. Na lura da abu ɗaya da ya taimake ni ƙwarai: ba ta daɗewa. In na tashi daga kan keke na wanke fuska, na fita na zauna a bencin Alhaji mai zare muka yi hira, ko na karanta Zabura ɗaya a hankali, kafin rabin awa ta lafa. Alhaji ya san halin da nake ciki, ai shi ya ɗauke ni. Bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai in ya gan ni na fito a wannan lokacin ya matsa mani wuri ya aika a kawo shayi.

Masara ta kai hamsin da ɗaya sai Babbar Sallah ta matso, a watan Agusta. Aiki ya sake taruwa, ni kuma na sake kasa cewa a'a. Wani dare wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, ga riguna tara da na yi alkawarin gobe. Na karɓi kuɗin wani ɗinki a hannuna ban ba yaro ba. Ƙafata ta san hanya.

Kwana biyu ban je wurin Baba ba. A na uku na je, na tsaya daga bakin ƙofa na gaya mashi. Na miƙa hannu zan ɗauki gwangwanin in juye masarar cikin ƙulli, don a ganina lissafi ya koma farko. Ya ɗora dungulmin hannunsa a kan bakin gwangwanin ya danne.

"Wa ya ce ka zubar? Kwana hamsin da ɗayan nan Allah ya ba ka su ko bai ba ka ba?"

Na ce ya ba ni.

"To ba a mayar wa Allah kyautarsa. Na jiya da shekaranjiya babu, shi ke nan. Yau fa, ka sha?"

Na ce ban sha ba.

"Ɗauki ka jefa."

Na jefa ina kuka kamar yaro. Ya tuna mani da Bitrus, yadda Yesu ya gaya mashi tun kafin ya yi musunsa cewa ya yi mashi addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare, in kuma ya juyo ya ƙarfafa 'yan'uwansa. Ya ce in lura, Ubangiji ya san da faɗuwar, amma maganar juyowa yake yi. Ya kuma tuna mani da Karin Magana 24:16, inda aka ce adali yakan faɗi har sau bakwai ya tashi. Washegari na koma wurin likita na gaya mashi shi ma, ya gyara tsarin, muka ci gaba.

A nan ne fahimtata ta juya game da abin da muke kira ƙarfin zuciya. Da ina ɗaukarsa kamar tsawo ne ko hasken fata, wani an haife shi da shi, wani babu. Amma a Galatiyawa sura 5 an lissafa kamunkai a cikin 'ya'yan da Ruhu yake haifarwa, tare da ƙauna da haƙuri. Ni ɗan manoma ne, na san ba a shuka dawa yau a yi girbi gobe, kuma na san manomi ba shi ke sa ta tsiro ba, amma in bai yi noma ba ciyawa ta cinye. Canza hanya, miƙa kuɗi, tashin asuba, faɗin gaskiya da dare, noman ke nan. Tsirowar ba daga wurina ta zo ba. Wani lokaci cikin hunturun shekarar, ana shirin Kirsimeti, muna koyon waƙa, sai na ji tsigar jikina ta tashi a wani baiti kamar yadda take yi da. Na tsaya na kasa ci gaba. Daɗin abubuwa ya fara dawowa ban san ranar da ya shigo ba.

Akwai abin da ke damuna a ikilisiyoyinmu, kuma zan faɗe shi. Muna da saurin kiran mai shaye-shaye gaba a ɗora mashi hannu, a yi ihu, a ce an 'yantar da shi, kowa ya watse. In ya koma bayan sati sai a ce bai tuba da gaske ba. Ban raina addu'ar ba, ita ta riƙe ni. Amma wa zai zauna da gwangwani kowane dare wata shida? Matasanmu nawa ne, masu acaba da leburori da 'yan ɗinki, suke zaune a bencin baya da wannan abu a aljihu, suna tsoron kada a sani a dakatar da su daga cin jibin Ubangiji? Ni na yi sa'ar tsoho ɗaya da ya san ciwon da ake ɓoyewa, don shi nasa bai ɓoyu ba.

Jarrabawa ta gaske ita ce azumin 2019, wanda ya faɗo a watan Mayu, tsakiyar zafi. Tun kafin a ga wata na zauna da matata da Baba muka yi lissafin abin da ni da yarana biyu za mu iya ɗinkawa in ana rufe shago ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Bai kai rabin abin da na saba karɓa ba. Na rubuta adadin da alli a bangon shago, kowane ɗinki ya shigo in ja layi. Ranar goma ga azumi layukan suka cika. Daga nan duk wanda ya zo sai in ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, in na karɓa ƙarya zan yi maka." Wasu sun ji haushi, wani da muka yi shekara takwas tare ya kwashe shaddarsa bai sake dawowa ba. Kuɗin makarantar yara na zangon nan sai da muka sayar da tunkiyar matata. Har cikin raina na ji zafin wannan, kuma sau da yawa in na ga fitilun sauran shaguna suna ci ina rufe nawa, zuciyata takan ce ƙwaya ɗaya kawai, na dare ɗaya. Sai in ce mata yau dai a'a, in hau babur in nufi gidan Baba.

Daren Sallah na goge kaftani na ƙarshe ƙarfe tara da rabi, mai shi ya zo ya karɓa. Saura yadi ɗaya a kan tebur, ruwan toka, wanda na saya da kuɗina tun farkon wata. Na daɗe ina lura da yadda Baba yake fama da maɓallin wuya, yakan bar shi a buɗe ko ya jira jikarsa ta saka mashi. Na yanka rigar da faɗin wuya yadda kai zai shige ba tare da maɓalli ba, na yi wa aljihun baki mai faɗi wanda hannunsa zai shiga, wandon kuma na saka mashi roba maimakon mazagi. Ban auna shi ba, idona ya riga ya auna shi dare ɗari uku.

Da safe, ana jin tambura da algaita daga wajen Ƙofar Soro, dawaki suna wucewa, na ratsa taron na isa gidansa. Ya zura rigar da kansa, ya shafa wuyan da gefen hannu, ya sake shafawa yana neman maɓallin. Da ya gane babu, sai ya yi shiru yana kallona.

Can ya juya ya jawo gwangwanin. Na biyu ne, na farkon ya cika tun watan Janairu, yana kan taga.

"Jiya ba ka zo ba," ya ce.

"Ina ɗinkin nan ne, Baba."

Ya turo mani ƙullin masarar. "To ɗauki ta jiya. Ta yau sai dare."